Kundin aikin ɗauke rumbun bayanai daga PostgreSQL 13 zuwa 17

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau hukumar gudanarwar kamfani ta amince a fara aikin da muka yi kusan shekara guda muna neman izininsa, wato ɗauke rumbun bayanan ciniki da na sito daga zubi na 13 zuwa zubi na 17 na PostgreSQL, manhajar da ke sarrafa rumbun, tare da sake gina tsarin kwafin da zai riƙe harka idan babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, ta faɗi. Na buɗe wannan kundi ne domin duk wanda ya gaje ni a kujerar nan ya san abin da aka yi da dalilin yin sa, kasancewar ni ban tarar da irinsa ba lokacin da na karɓi aiki.

Dalili na farko na kalanda ne. Masu kula da PostgreSQL shekara 5 suke tallafa wa kowane babban zubi. Zubi na 13 ya fito a Satumbar 2020, kuma ranar 13 ga Nuwamban bana za a fitar masa da gyara na ƙarshe, daga nan duk ɓarakar tsaron da aka gano a jikinsa babu mai ɗinke ta. Ubuntu 20.04, tsarin aikin kwamfuta da sabar take kai, shi ma wa'adin tallafinsa na yau da kullum ya cika tun watan Mayu. Dalili na biyu kuwa kowa a ofis ya ɗanɗana shi. A Oktoban 2024, da layin lantarki na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda babu wutar gwamnati, mu kuma babbar sabarmu da mai jiran gadonta suna ɗaki ɗaya a Kano, janareta ɗaya ke ciyar da su. Ranar da janaretan ya yi gardama, tare suka kwanta.

A zaman na yau na yi wa shugaban kamfani tambayoyi biyu, domin amsarsu ce za ta yanke yawan kuɗin da za a kashe. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan saba ta mutu yanzu, cinikin minti nawa za ka iya yafewa, kuma minti nawa za a iya rufe kantar ciniki kafin a ci gaba da sayarwa?" Ya ce bai yarda ko rasit ɗaya ya ɓace ba, amma masu saye za su iya haƙurin minti biyar. Na nemi a saka wannan amsa a takardar zama, kuma an saka.

Alhamis, 17 ga Yuli

Mun tsayar da fasali. Saba uku za a kafa a kan Ubuntu 24.04: ɗaya a hedikwata a Kano, ɗaya a reshen Kaduna, ta uku a wata cibiyar ajiye sabobi a Legas. An kawo shawarar a kai ta ukun gajimaren wani kamfani a Turai, ban goyi baya ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun katse kusan lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma wanda ajiyarsa take ƙetare ya ji a jikinsa. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 wadda ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje.

Tsakanin sabobin uku za a yi kwafin tubali da tubali, wanda PostgreSQL ke da shi tun zubi na 9.0 a 2010. Yadda yake aiki shi ne, kowane canji sai an fara rubuta shi a kundin da ake kira WAL kafin ya taɓa ainihin teburorin, sai babbar saba ta riƙa tura wannan kundi ga masu jiran gado suna maimaita abin da ta yi. Irin wannan kwafi ba ya yiwuwa tsakanin manyan zubi biyu mabambanta, saboda haka ba zai ƙetarar da mu daga 13 zuwa 17 ba. A nan hanya biyu ce. Ko a yi amfani da pg_upgrade a sabunta sabar a inda take, wanda yake da sauri amma idan an bi hanyarsa mafi sauri aka tayar da sabon zubi to babu komawa baya, ko kuma a bi kwafin layi da layi da ya shigo a zubi na 10 a 2017, inda tsohuwar saba take shelanta canje-canjen teburorinta, sabuwa ta riƙa karɓa tana zubawa a nata, har ranar da za a juya. Mun zaɓi ta biyu. Ta fi wahala kuma ta fi cin lokaci, amma tsohuwar saba za ta ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ta ba har sai mun gamsu da sabuwa.

Talata, 29 ga Yuli

Gwajin farko a kan kwafin rumbun da muka keɓe don gwaji ya fito da abin da ake gudu. Da muka shelanta dukkan teburori, manhajar sito ta daina iya gyara adadin kaya a tebur guda, tana dawo da kuskure. Dalili shi ne teburin ba shi da mabuɗin asali, kuma PostgreSQL ba ya barin a gyara ko a goge layi a teburin da aka shelanta matuƙar babu abin da ɗaya ɓangaren zai gane layin da shi. Da a kan rumbun gaske muka yi wannan, da ma'aikatan sito sun tsaya cak da motoci a bakin ƙofa. Mun bincika mun sami teburori 11 masu wannan lalura. An sa wa 9 mabuɗi, biyun da suka rage kuma ƙanana ne, sai muka umarci saba ta riƙa aika layin gaba ɗayansa a matsayin shaida.

An kuma rubuta abubuwan da wannan kwafi ba ya ɗauka: sauyin fasalin tebur, da ma'ƙirgan da ke ba da lambar rasit ta gaba, da manyan ƙunshiyoyin da ake ajiyewa ta tsohuwar hanya. Saboda na farkon, an sanar da masu rubuta manhaja cewa daga 1 ga Agusta babu ƙara shafi ko tebur sai da sa hannuna. Ba su ji daɗi ba.

Juma'a, 15 ga Agusta

Jiya aka fitar da ƙananan gyare-gyare na wannan zango, 17.6 da 13.22. Al'adar masu kula da PostgreSQL ce su fitar a Alhamis ta biyu ta Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Ƙa'idata ita ce a jira mako guda kafin a ɗora, sai dai idan ɓarakar tsaron ta shafe mu kai tsaye, domin sau biyu a jere, a Nuwamban 2024 da Fabrairun 2025, sai da aka sake fitar da wani gyaran bayan kwana 7 don warware matsalar da na farkon ya jawo: 17.2 ya biyo bayan 17.1, 17.4 kuma ya biyo bayan 17.3.

Asabar, 23 ga Agusta

An ɗora 13.22 a tsohuwar saba da daren jiya, kuma da yake dole a sake kunna ta, mun haɗa da sauya matakin WAL zuwa wanda kwafin layi da layi yake bukata, don kada a tsayar da ciniki sau biyu. Da asuba aka fara kwashe bayanai zuwa sabuwar sabar Kano. Komai ya tafi daidai sai teburin lambobin kaya, wanda ya ƙi shiga, sabuwar saba tana cewa akwai lamba ɗaya sau biyu a shafin da aka haramta maimaici.

Da farko na ɗauka kuskuren namu ne wajen kwashewa. Na nemi lambar a tsohuwar saba, ta ba ni layi ɗaya. Na hana ta amfani da fihirisa, wato jerin da take dubawa don saurin gano layi, na tilasta mata karanta teburin daga farko zuwa ƙarshe, sai ga layi biyu, lamba ɗaya, farashi daban. Manhajar amcheck ta tabbatar da cewa fihirisar ta lalace. Da na bi tarihin sabar sai na gano an kafa ta ne a kan Ubuntu 18.04, daga baya aka ɗaga ta zuwa 20.04 a inda take ba tare da an sake gina fihirisa ba. A tsakanin waɗannan biyun akwai glibc 2.28 na shekarar 2018, sabon zubin wani ɓangare na tushen Ubuntu, wanda ya sauya ƙa'idar jera rubutu, musamman inda akwai alamomi irin su karan ɗori: a da "11" ne ke gaban "1-1", daga baya abin ya juye. Lambobin kayanmu kuwa cike suke da karan ɗori. Fihirisar da aka jera da tsohuwar ƙa'ida ake ta bincikawa da sabuwa, mai neman lamba ya duba inda ba a ajiye ta ba, ya ce babu, a sake shigar da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar mai jiran gado tana ɗauke da wannan lalacewa daidai wa daida, tunda tubali da tubali take kwafa, mai kyau da maras kyau. Shekara biyu muna kallon fitila koriya muna cewa lafiya. Da pg_upgrade muka bi, da mun ɗauko cutar mun kawo ta sabon gida. An sami lambobi 37 masu tagwaye. Sashen sito ne ya zauna ya tantance wanne ne na gaske a kowace, domin wannan hukunci ba na mai kula da saba ba ne.

Laraba, 3 ga Satumba

Saboda abin da ya faru, mun sake gina sabon rumbun da ƙa'idar jeri ta cikin gida da zubi na 17 ya zo da ita, wadda ba ta dogara da glibc ba, don haka sabunta Ubuntu nan gaba ba zai girgiza fihirisa ba. Sai dai tana jera haruffa ne bisa lambarsu a Unicode, kuma ɓ da ɗ da ƙ duk lambarsu tana bayan ta z. Jerin abokan ciniki ya fito da Ɗanladi a ƙasan Zubairu, kuma akawu ta lura tun kafin ni. Mafita ita ce, a wuraren da mutum zai karanta jerin da idonsa, manhaja za ta nemi a jera da ƙa'idar Hausa ta ICU, manhajar da ta san tsarin jerin haruffan harsuna daban-daban, wadda take sa ɗ bayan d, ƙ bayan k, ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin harafi guda. Fihirisa kuwa ta zauna a kan ƙa'idar da ba ta motsi. Wannan ya sa an sake kwashe bayanan daga farko, kwana biyu suka tafi.

Litinin, 8 ga Satumba

Kuskuren wannan mako nawa ne. Ranar Alhamis da yamma na dakatar da karɓar kwafi a sabuwar saba domin a sauya mata faifai, aka shiga hutun Mauludi, na manta ban mayar ba. A tsohuwar saba akwai gurbin da yake riƙe wa mai karɓa matsayinsa, kuma muddin mai karɓa bai ce ya karɓa ba, saba ba za ta goge ko guntun WAL ɗaya ba. Guntayen nan masu megabait 16 kowanne suka yi ta taruwa kwana uku. Da daren Lahadi saƙon gargaɗi ya shigo wayata cewa faifan ya kai kashi 91 cikin 100. Da ya cika, da babbar sabar ciniki ta tsaya, kuma da aikin da aka ƙirƙira don kare harka ne ya kayar da ita.

Na mayar da karɓar, ta cim ma tsohuwar cikin awa biyu da 'yan mintuna. Yau na sa iyaka ta max_slot_wal_keep_size, wato iyakar yawan WAL da gurbi zai iya riƙewa, wadda tun zubi na 13 take nan amma a buɗe ake barin ta idan ba a taɓa ta ba. Iyakar tana da nata farashin: idan aka wuce ta, gurbin ya mutu, sai an sake kwashe komai daga farko. Na gwammace asarar kwana biyu na kwashewa da a rufe kanta. An kuma ƙara gargaɗi a kan duk gurbin da ya yi minti 30 babu mai karɓa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau aka yi atisayen farko na miƙa ragama. Patroni, manhajar da kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, ita ce ke lura da wacce saba ce shugaba, kuma tana ajiye wannan hukunci a etcd, wani ƙaramin rumbu da ake rarraba mambobinsa a kan sabobi daban-daban, wanda ba ya yanke komai sai da rinjayen mambobinsa. Hikimar ita ce kada a yi sarki biyu a gari ɗaya, saba biyu kowacce tana karɓar rasit tana ganin ita ce babba, wanda ya fi faɗuwar saba muni domin babu hanyar haɗa littafin biyu cikin sauƙi. Shugaba tana sabunta mabuɗinta a kai a kai, idan daƙiƙa 30 suka wuce ba ta sabunta ba, sauran su zaɓi wata.

Gwaji na farko, kashe PostgreSQL kaɗai a Kano, ya yi kyau: Kaduna ta karɓa, manhaja ta koma can cikin ƙasa da minti ɗaya. Gwaji na biyu shi ne na gaske. Na je ɗakin sabobi na sauke makunnin wutar rak ɗin gaba ɗaya, kamar yadda janareta zai yi mana ba tare da sallama ba. Aka jira minti ɗaya, aka jira biyar, Kaduna ba ta motsa ba. A lokacin kafa etcd, don sauƙi, an sa mambobi biyu a Kano, ɗaya a Legas, da niyyar a gyara daga baya. Da Kano ta ɗauke, ɗaya cikin uku ya rage, babu rinjaye, kuma Patroni ta yi abin da ya dace, ta ƙi naɗa kowa. A takarda fasalin ba shi da aibi, kuma mutum uku ne muka duba shi muka sa hannu. An mayar da mamba ɗaya Kaduna, aka maimaita gwajin da la'asar, aka wuce.

Sharaɗin shugaban kamfani na kada rasit ya ɓace yana nufin Kano ba za ta ce wa mai kanta an gama ba sai Kaduna ta tabbatar ta rubuta. Legas kuwa tana bin sawu ne ba tare da ana jiran ta ba, don nisan zai rage wa kowace ma'amala sauri. Saura tambayar abin da za a yi idan layin Kaduna ya yanke: a tsaya, ko a ci gaba. Patroni za ta fara neman wata mai jiran gado ta ɗora mata wannan nauyi, idan babu kowa kuma, sai dai a zaɓa tsakanin dakatar da ciniki da ci gaba ba tare da shaida ba. Na kai wa shugaba, ya zaɓi a ci gaba, da sharaɗin a kira shi nan take.

Juma'a, 26 ga Satumba

Jiya zubi na 18 ya fito, kuma an tambaye ni me ya sa ba za mu tsallaka can kai tsaye ba. Zubi na 17 ya shekara guda a hannun jama'a, ya sha gyara sau shida, kuma tallafinsa zai kai Nuwamban 2029. Wannan ya ishe mu.

Aikin makon shi ne ajiyar ko-ta-kwana. Mai jiran gado ba ta maganin kuskuren ɗan Adam, domin idan wani ya goge teburin bashi a Kano, kafin ya ɗaga hannu daga madannai an goge shi a Kaduna da Legas. Kamfanin GitLab ya wallafa yadda, a ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyansa ya goge bayanan babbar saba yana zaton a kan mai jiran gado yake, sannan aka tarar hanyoyin ajiyarsu da dama ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Mun kafa manhajar ajiya ta pgBackRest, cikakkiyar ajiya duk Lahadi, ta ƙari kullum, WAL kuma a kai a kai, a wurare biyu. Sannan muka dawo da rumbun a wata saba ta daban zuwa ƙarfe 11 da minti 40 na safiyar Talata, akawu ta kwatanta jimillar cinikin wannan lokaci da takardunta, suka dace. Dawowar ta ci awa uku da rabi. Na rubuta wa hukuma cewa alƙawarin minti biyar na faɗuwar saba ne kawai, gyaran kuskuren mutum kuma rabin yini ne.

Lahadi, 5 ga Oktoba

An juya da ƙarfe 2 na dare. PgBouncer, wanda ke tsakanin manhajoji da saba, ya dakatar da haɗinsu, aka jira har sabuwar saba ta karɓi canji na ƙarshe, aka kwafe matsayin kowane ma'ƙirgi tare da ƙara masa tazara, aka kwatanta adadin layukan manyan teburori, aka nuna wa PgBouncer sabon gida, aka saki. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Matakin ma'ƙirgan mun ja masa layi biyu a takarda, domin a atisayen makon jiya an tsallake shi, rasit na farko ya nemi lamba 1, wadda aka bayar tun shekaru biyar da suka wuce. An kuma sabunta ƙididdigar teburori tun jiya, don kada mai tsara bincike ya tashi da safe bai san girman komai ba.

Matsala ɗaya aka samu. Kwamfutar ma'aunin kaya a sito ta kasa shiga, domin tsohon direbanta bai san SCRAM ba, hanyar tantance kalmar sirri da ta zama ta asali tun zubi na 14. An bar mata tsohuwar hanyar md5 ita kaɗai na ɗan lokaci. Zubi na 18 ya riga ya ayyana md5 a matsayin abin da za a cire, don haka direban sai an sauya shi.

Kafin a saki ciniki, mun juya alƙiblar kwafi, yanzu 17 ce ke shelantawa, 13 tana karɓa, domin idan wani abu ya ɓullo a koma baya ba tare da asarar rasit ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mako guda babu abin da ya tilasta komawa. Rahoton ƙarshen rana guda ɗaya ya yi nauyi, an gano sauyin tsarin bincike ne, an gyara da fihirisa ɗaya. Ranar Alhamis layin Kaduna ya yanke na minti 20, Patroni ta mayar da nauyin shaida kan Legas, masu kanta sun ji jinkiri kaɗan, an kira shugaba duk da cewa sharaɗinsa bai cika ba.

Tsohuwar saba za ta ci gaba da karɓa har ƙarshen wata, bayan an rufe lissafin Oktoba a kan sabuwa, sannan a goge gurbinta a kashe ta. Ba a gwada faɗuwar Kano da Kaduna tare ba tukuna, wanda shi ne ainihin abin da ya faru a bara. A wannan hali Legas ita kaɗai ba ta da rinjaye, sai mutum ya naɗa ta da hannu, kuma takardar matakan da zai bi ba ta kammala ba. An sa atisayen ranar Lahadi, 26 ga Oktoba, kuma na nemi mataimakina ya jagoranta ni ina gefe ban ce komai ba. Gyaran 17.7 ana sa ransa ranar 13 ga Nuwamba. Za a fara ɗora shi a Legas bayan mako guda, sai Kaduna, sannan a miƙa ragama a ɗora a Kano.